Mataccen Teku

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama Malam, magana ta ƙaurace masa. Ba ya iya cewa a ba shi ruwa, ba ya iya kiran 'ya'yansa. Shi da ya tsufa yana koyar da labarin ƙasa a sakandare, muryarsa na kaiwa har bakin ƙofar makaranta, sai ga shi a kan keken guragu, yawu na bin gefen bakinsa.

Autarsa ce ta gano abin da ya rage masa. Tana yanke masa farce wata safiya, ta ce cikin wasa, "Baba, wai ina ce Ƙasar Fitowar Rana?"

"Japan," in ji shi, tangaram, kamar yana gaban allo.

Ta saki abin yankan farcen. Ta tambaye shi Ƙasar Tsaunuka Dubu, ya ce Ruwanda. Kyautar Kogin Nilu, ya ce Masar. Da kuka ta kira yayanta, babban ɗan Malam, mai shagon wayoyi, wanda a gidansa tsohon yake zaune.

Yaya bai yi kuka ba, dariya ya yi har da buga cinya. Daga ranar, duk baƙon da ya zo sai an turo Malam falo, a ajiye shi tsakanin talabijin da firiji, a yi ta jefa masa tambayoyi. In ya amsa a tafa. Yaya ya ɗauke shi bidiyo ya sa a waya, mutane suka yi ta kallo.

"Yaya, wannan ba daidai ba ne," in ji Auta. "Mahaifinmu ne fa."

"Ke dubi fuskarsa mana. Daɗi yake ji."

Abin takaicin, gaskiya ya faɗa. In aka tafa, ɓarin fuskar Malam mai rai yakan yi murmushi.

Wata ranar hutu, falo cike da baƙi, Yaya ya zo da abokinsa, wani dillalin motoci mai ƙaton agogo. Mutumin ya tsaya yana kallon Malam ya daɗe, sannan ya jawo kujera ya zauna dab da shi.

"Malam, ka gane ni?"

Malam ya zuba masa ido kawai.

"Ni ne Mataccen Teku." Ya juya ga sauran baƙin. "Shi ya raɗa min. Ya tambaye ni wace ƙasa ce mai siffar takalmi, na kasa. Ya tsayar da ni a kan benci, ya ce kaina kamar Mataccen Teku yake, ko kifi ba ya rayuwa a ciki. Har na bar makarantar da sunan ake kirana. Har yau akwai masu kirana da shi a gaban 'ya'yana."

Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma iya leɓe.

"To Malam, bismillah. Ƙasar Tafkuna Dubu?"

"Finland."

"Ka faɗi! Chadi ce."

Malam ya ɗan girgiza kai. "Finland."

"Chadi. Ko ba haka ba, jama'a?" Ya ƙifta wa Yaya ido.

"Chadi ce, Baba," in ji Yaya, yana saita wayarsa. "Ka manta ne."

Dillalin ya tambayi ƙasa mai siffar takalmi. Malam ya ce Italiya, aka yi masa ca, a'a, Indiya ce. Ya ce Japan, aka ce Jamus. Ya dubi ɗansa, ya dubi baƙin, yana neman wanda zai gyaɗa masa kai, bai samu ba.

"Kyautar Kogin Nilu?"

Bakin Malam ya buɗe, ya rufe. Ya sake buɗewa. A hankali ya ce, "Chadi?"

Falon ya kece da dariya. Dillalin ya ɗauki hular Malam ya kifa masa ita a baibai, ya ce yau ɗalibi ya ci sifili. Auta ta shigo daga kicin da hannu duk kumfar sabulu, ta ga wandon mahaifinta ya jiƙe, ruwan na ɗiga a kan tayil. Ta tura keken zuwa ɗaki.

Ta wanke shi, ta sauya masa kaya, ta durƙusa a gabansa. "Baba, ƙarya suke yi. Kyautar Kogin Nilu Masar ce, kai ka koya min. Faɗi mana."

Ya kawar da kai wajen bango. Ta gwada washegari, ta gwada har mako ya zagayo, bai ƙara furta ko kalma ɗaya ba.

Bidiyon ranar ya fi duk na baya yaɗuwa. Yaya ya leƙo ɗakin da waya a hannu, ya ce mutane na neman sabo. Ya yi tambaya uku, shiru. Ya ja tsaki.

"Taurin kai ne kawai," ya ce da Auta. "Ki daina ba shi shayin safe sai ya amsa, ki ga in ba zai yi magana ba."