Amsar Yarinyar Dutsi

Shekara ashirin Malam Nu'uman yana koyar da lissafi a Daura, kuma tambaya ɗaya ce abin tinƙahonsa. Lamba ce mai alƙaluma huɗu, a raba ta gida biyu, alƙaluma bibbiyu, a tara ɓangarorin, a ninka abin da aka samu da kansa, sai lambar ta dawo. Amsa 3025, haka ya sani, haka ya gada wurin malaminsa.

Da ita ya raba gardama a gasar makarantun masarauta, inda za a ɗauki ɗalibi ɗaya zuwa Katsina. Sagir ya rubuta 3025, ya wuce. Shatu, 'yar garin Dutsi, ta rubuta 2025, Malam ya zabga mata jan biro ko duba aikinta bai yi ba.

Ranar tafiya, bayan mota ta tashi da Sagir, Malam yana ta cika baki a ofishin malamai sai Malama Rahmatu mai koyar da kwamfuta ta ce bari ta gwada tambayar a na'ura. Layi biyar ta rubuta, ta umarci na'urar ta bi lambobi daga dubu ɗaya har zuwa ƙarshe. Kafin ya gyara hula amsa ta fito: 2025, 3025, 9801.

"Abin nan naku ya lalace," in ji shi.

"Malam, gwada da hannunka mana."

Ya gwada. Ashirin da ashirin da biyar, arba'in da biyar. Arba'in da biyar sau arba'in da biyar... Ya goge, ya sake. Ya cire tabarau ya mayar. Kai, mutumin nan fa kansa ya ɗaure tamau. Ta yaya tambaya ɗaya za ta haifi amsa uku, shi yana zaune bai sani ba? To malaminsa ma bai sani ba ke nan? Wa ya ci gasar? Da Shatu ta samu makin nan, ai ta ɗara Sagir da biyu.

Nan take ya kira direban motar. Sun wuce Mashi, kuma tun jiya aka rufe karɓar sunaye.

Kunya ta rufe shi. Ya jawo takardar Shatu daga durowa, yau dai ya karanta. Aikin tsaf, layi bayan layi. A can ƙasa, da ƙaramin rubutu, ta ƙara: "Malam, na samu 3025 ma, amma na san ka san wannan."