Gonaki Uku da Ghali Ya Zaɓa

Tun da mudir, shugaban ofishinsu, ya ajiye masa takardar, Ghali ya kasa zama wuri ɗaya. Ya leƙa ƙofar ofishinsu na shirya tafiye-tafiye a unguwar Batha a ƙasar Larabawa, ya dawo, ya sake fita. Wani Bature injiniya ne zai je Jojiya hutun kwana biyu, yana so a zaɓar masa gonakin inabi uku cikin goma sha ɗaya, inda ake matsa giya a ba baƙi su ɗanɗana. Ghalin da ko warin giya bai sani ba, shi aka ɗora wa aikin.

Ƙi kuwa ba zai yiwu ba. Mudir ɗin ne kafil ɗinsa, wanda ya tsaya masa yake zaune a ƙasar, iƙamarsa kuma, wato takardar izinin zama, saura mako uku ta ƙare. Ya kira abokinsa Abduljalil, ɗalibin shari'a, ya tambaye shi hukunci. Abduljalil ya ce ai Ghali ya san amsar, mai sassauta masa kawai yake nema. Ghali ya ji haushi sosai, don gaskiya aka faɗa masa.

Can dabara ta faɗo masa. Shi ɗan Kudan ne, a gonar inabin mahaifinsa ya tashi, kallo ɗaya yake wa itace ya san lafiyarsa. To, zai zaɓi gonakin da suka fi lalacewa, Bature ya dawo da ƙorafi, mudir ya yi faɗansa na kwana ɗaya, shi ke nan ba mai sake ba shi wannan aiki.

Ya buɗe hotunan. Ya tsallake masu ganye shar da 'ya'ya manya-manya. Ya tsinto uku masu tsofaffin kututture karkatattu, ƙasa duk tsakuwa, 'ya'yan ƙanana kamar magarya. Da a Kudan ne, da tuni mahaifinsa ya tumɓuke su.

Mako guda ya yi yana jiran masifa. Ko waya ta yi ƙara sai ya ɗauka ƙorafin ne ya iso.

Ranar Lahadi Bature ya shigo baki har kunne. Ashe a harkar giya tsohon itacen da ya sha wuya cikin tsakuwa shi ake nema. 'Ya'yansa kaɗan ne, amma babu kamarsu. Baturen ya ce bai taɓa tafiya mai daɗin wannan ba, har ya ba abokansa lambar ofishin.

Mudir ya dafa kafaɗar Ghali. "Mashallah, ya Ghali, ashe kai ustaz ne. Bukra, gobe-goben nan, kawo iƙamarka a sabunta. Daga yau duk mai son irin wannan tafiya, wurinka zai zo."

"Shukran, mudir," in ji Ghali, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Takardu biyu irin ta Baturen suna jiransa a tebur. Ya buɗe ta farko, ya ga hotunan, ya tarar ya riga ya san waɗanda za a zaɓa.