Fim ɗin Mai Gyaran Fanfo

A Katagum da ƙauyukanta, idan fanfon tuƙa-tuƙa ya lalace, Baturiya ake kira. Mace ce gajera mai kaurin hannu, ta koyi gyaran ne a wani horo da aka taɓa yi wa mata a Azare. Mijinta, Malam Bappayo, bai taɓa son aikin ba, haƙuri kawai yake yi. Sharaɗinsa ɗaya ne: ranar da aka fara yi da shi a majalisa, ta daina.

Rannan wani saurayi mai suna Sherif ya zo daga Azare da kyamara da 'yan wasa cike da mota. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta.

"Inna, labarinki za mu yi fim. Duniya ta ga mace ma tana riƙe sifana."

Daɗi ya kashe ta, ba ta san kallon kitse take yi wa rogo ba. Ta ara musu shuɗiyar rigar aikinta da jakar kayan gyara, ta koya wa jarumar yadda ake zaro bututu ba tare da ya kuɓuce ba. A ƙofar gidanta aka ɗauki rabin fim ɗin. Ko sunan ma ba su wahalar da kansu sun canza ba.

Fim ne mai dogon zango, duk mako ana sakin kashi ɗaya a waya. Da na farko ya fito, mata suka yi ta shigowa barka. Sai dai Sherif ba ya gama rubuta labari kafin ya fara ɗauka. Abin da 'yan kallo suka rubuta a ƙasan bidiyo, shi yake bi. Su kuwa suka yi masa ca: ana koya wa matan aure yawon ƙauye, shi wannan mijin hotiho ne? Da ya ga masu kallo na raguwa, sai gogan naka ya juya akala.

Baturiyar fim ta fara ɗaga wa miji murya. Ta bar tuwo ya ƙone. Ta hau bayan ɗan acaɓa suna ƙyalƙyala dariya. A kashin ƙarshe tana can wajen gyara, ɗanta ya faɗa tukunyar ruwan zafi. Ta dawo ta zube gaban miji a ƙofar gidan nan da kowa ya sani, tana kuka, ta miƙa masa jakar. 'Yan kallo suka yi ta sa wa Sherif albarka.

Baturiya ta kira shi a waya.

"Ɗan nan, yaushe na ƙona yaro?"

"Haba Inna, fim ne fa. Faɗakarwa muka yi."

"Wa kuka faɗakar?"

Ya ce ba ya jin ta sosai, zai kira. Bai kira ba.

Da la'asar Malam Bappayo ya shigo fuska a murtuke, a majalisa an raɗa masa suna mijin jaruma. Bai yi faɗa ba. Ya ɗauki jakar da aka dawo da ita, ya kulle a akwatinsa, ya sa makullin a aljihu.

Ba a jima ba fanfon unguwarsu ya tsaya. Aka aika wa wani mai gyara a Azare, kullum sai ya ce gobe. Baturiya ta bi sahun mata zuwa kogi da bokiti a ka. Duk sanda ta wuce fanfon sai ta kawar da kai, don ta san roba ce kawai ta cinye.

A hanyar dawowa, ruwa jawur na zubo musu a wuya, maƙwabciyarta Hadijatu ta dube ta da tausayi na gaskiya.

"Ke dai Allah ya so ki, Baturiya. Kin daina tun abin bai kai ga yaron ba."