Muryar Afiniki a Faifan Garmaho

Shekara arba'in da ɗoriya Mama Afiniki ta yi tana gaya wa matan zumunta a Kafanchan cewa muryarta na cikin faifai. Tana budurwa aka kwashi mawaƙan cocinsu na Madakiya zuwa Jos, aka ɗauki waƙarsu, kuma ita ce ta ja baiti. Yanzu kam tsufa ya cinye muryar, ko "amin" ta ɗaga sai tari ya biyo baya. Ƙawarta Hulda, wadda bakinta ba ya hutu, kullum sai ta ce, "Afiniki, kowace tsohuwa ka tambaya, da can zabiya ce. Mu dai mu ji da kunnenmu."

To, ina abin ji? Garmahon gidan ya mutu tun yara na firamare. Sai bana ɗanta Nicholas ya aiko da sabo daga Kaduna, har da lasifika biyu. Ko kwali ba a gama buɗewa ba, Afiniki ta aika wa matan zumunta su zo ranar Asabar.

Ranar Juma'a da hantsi mijinta, Baba Azariya, ya ɗora faifan don gwaji. Allura na sauka sai aka ji ƙara kamar ana soya gyaɗa a kasko. Can murya ta fito, shaƙaƙƙiya, in ta hau sama sai ta yage kamar tsohon zane.

"Maman Nicholas," in ji Azariya yana danne dariya, "anya ba soyayya ce ta toshe mini kunne a wancan zamani ba?"

Ita ba ta yi dariya ba. Idan fa haka muryar take tun asali? Hulda za ta yi shekara tana ba da labari a bakin famfo.

Aka kira Malam Misbahu, dattijon da ke gyaran rediyo a bakin kasuwa tun zamanin da jirgin ƙasa ke cika tasha. Ya jingine babur ɗinsa, ya gaisa, ya sha kunu, sannan ya zauna gaban garmaho kamar likita.

Da farko ya jona wayarsa da lasifikokin, sauti ya fito tas. "Waɗannan ba su da laifi." Ya tsura wa faifan ido yana juyawa. "Gudun ma daidai yake. Da bel ɗin da ke juya shi ne ya saki, da kun ji waƙar tana jan ƙafa. Baba, akwai wani faifan?"

Azariya ya ɗauko nasa na kiɗan rawa, wanda ya saya yana aikin reluwe. Shi ma ya fito a shaƙe.

"Kai! Nawa ma ya kamu?"

"Ka gani ko?" Afiniki ta gyara ɗaurin ɗankwali. "Shi ma soyayya ce ta toshe maka kunne?"

Misbahu ya fito da gilashin duba ƙananan abubuwa, ya leƙa bakin allurar. Wani jan dunƙule ne ya naɗe ta. Ya share da ɗan buroshi mai laushi, daga baya zuwa gaba, ya mayar da faifan Azariya. Kiɗa ya tashi garau, har tsohon ya fara kaɗa kafaɗa. Aka sake ɗora na Afiniki. Baitin farko ya fara fita da kyau, kafin na biyu murya ta sake shaƙewa.

"Allurar lafiyarta ƙalau," in ji Misbahu. "Wannan faifan ne ke ɗura mata datti."

Ya ɗaga shi wajen taga. Yana sheƙi fiye da kima. Ya shafa da yatsa, ya kai hanci.

"Mama, ki gafarce ni. Faifan nan ƙamshin miya yake yi."

Afiniki ta kalli rufin ɗaki, ta kalli ƙasa. Daga bisani ta ce, ai duk Kirsimeti tana shafa wa akushinta da muciyarta man ja don kada su tsage, haka mahaifiyarta ta koya mata. To, abin da ya fi komai daraja a gidan, shi za ta bari ya bushe?

"Kowace shekara?" Azariya ya riƙe baki.

"Ban taɓa fashi ba."

"A ina kike ajiye shi?" in ji Misbahu.

"A ɗakin citta, inda muke tara buhuna kafin 'yan kasuwar Kachia su zo saye."

"Man ja da ƙurar citta. Mama, gishiri kaɗai ya rage."

Har ita sai da ta dara. Amma nan take ta kama hannun rigarsa. "Malam, gaya mini gaskiya. Na kashe shi?"

"Bari mu gani."

Ya sa aka kawo ruwa mai ɗan ɗumi da ɗigon sabulun wanke kwano. Ya nuna mata yadda za ta bi layukan a zagaye da tsumma mai laushi, ba tare da ta jiƙa takardar tsakiya ba. Ita ta wanke da hannunta. Sau uku ana zubar da jan ruwa. Za ta kai shi rana ya bushe, Misbahu ya yi wuf ya tare ƙofa: rana lanƙwasa shi za ta yi. Suka jingine shi a inuwa, suka zauna jira, ita tana ta leƙawa.

Bayan Misbahu ya dawo daga sallar Juma'a aka sake ɗorawa. 'Yar ƙara tana nan, tsis-tsis, wadda ya ce ta shekaru ce, ba ta da magani. Sai muryar yarinya ta taso, siririya, mai zaƙi, ta hau sama can ta tsaya ba ko rawa, sauran mawaƙa suka amsa mata.

Azariya ya cire hularsa. Afiniki kuwa leɓenta na bin baitin, tana share ido da bakin zane. Sai da waƙar ta ƙare ta numfasa.

"Baban Nicholas, ɗauko waya."

"Nicholas za ki kira?"

"Hulda. Ka ce ta bar duk abin da take yi ta hau acaɓa yanzu. Ni ba zan iya jiran gobe ba."