Babi na Biyar

Farfesa Mwafulirwa ya ɗora tafin hannunsa a kan kundin kamar mai danne kaza.

"Sista Nkhoma, babi huɗu ba su da makusa. Ki cire na biyar, mu tashi mu ci abinci."

Tiyamike Nkhoma ta gyara zama. Shekara ashirin da shida ke nan tana aikin jinya, biyar daga ciki tana haɗawa da karatun digirin digirgir, duk Juma'a tana cikin motar haya daga Mulanje inda take aiki zuwa jami'a a Blantyre. Yau take kare kundinta. Farfesa, babban likitan zuciya, shi ne mai jarrabawa daga waje. Idan bai amince ba, babu digiri.

Babi na biyar ya faɗi abin da kowa ya sani amma ba a rubutawa. A asibitin ƙauye nas ce ke auna hawan jini, ta zaɓi magani, ta rubuta a ɗan littafin majinyaci, ta bar layin ƙasa fili. Sau ɗaya a wata likita zai zo, a tara masa littattafan, ya bi su yana sa hannu, motarsa a waje ko kashe ta ba a yi ba. Tiyamike ta bi littafi dubu biyu ta nuna haka, ta kuma nuna mutanen sun sami sauƙi.

"Kin san abin da kika rubuta kuwa?" in ji Farfesa. "Kin shaida da hannunki cewa kina ba da maganin da ba a yarje miki ba. Masu ba ki lasisi fa sun iya karatu."

"Shi ya sa na buga shi da manyan baƙi, ranka ya daɗe. Yawancinsu idonsu ya yi rauni."

Dokta Msiska, malamar da ta duba aikin tun farkonsa, ta yi gyaran murya.

"Tiya," ta ce a hankali, "sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ki karɓi digirin tukuna, faɗan ba zai gudu ba."

"Malama, in na cire shi, a kan me na yi binciken? Magungunan da suka rubuta kansu?"

Farfesa ya cire tabarau ya murza ido. Ba mugun mutum ba ne.

"Ni ma na yi aikin ƙauye, na sa irin wannan hannun. Asirinku muke rufawa."

"Mun gode. Amma yarinyar da na bari a asibiti yau, watanta takwas da gama makaranta, ita ke rubuta magani yanzu haka. Ba wanda zai koya mata aikin da a takarda ba ta yinsa. Ranar da ta yi kuskure kuma, ba mai sa hannu za a nema ba."

"In na ƙi fa?"

"Sai in dawo baɗi. Babin zai ƙara kauri."

Aka ce ta jira a waje.

Ta zauna a benci. Sakatariyar sashen, wata dattijuwa mai suna Kalua, ta kawo mata shayi, sannan ta tsaya tana jujjuya faranti.

"Sista, tunda ga ki. Ƙafafun nan ne, tun da aka canza mini magani ba sa shiga takalmi."

"Zauna, Iya. Ina littafinki?"

Kalua ta miƙo mata littafin. Tiyamike ta durƙusa ta danna mata ƙauri da babban yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ta fito da ma'aunin hawan jini daga jaka ta ɗaura mata, ta yi tambayoyi, ta rubuta. Da ta iso layin ƙasa sai biron ya tsaya kaɗan. Ta rubuta nata sunan a gurbin na likita, cikakke.

Ƙofa ta buɗe. Dokta Msiska ta leƙo, fuskarta ba ta nuna komai ba.

"Tiya, sun gama. Shigo."

Tiyamike ba ta ɗago ba.

"Malama, ki ce su ɗan jira. Ina tare da majinyaciya."