Rabin Makin Josie Havlik

Vernon Stukel ya sa hannu a takardar da bai karanta ba, da asirinsa ya tashi tonuwa kuma sai ya zare takardar daga fayil ya ɗora wa yarinya laifin. Na farkon lalaci ne, ana iya yafe shi. Na biyun ƙarya ce, kuma ƙaryar babba a kan yaro ba ta da wani suna mai daɗi.

Shi ne malamin ba da shawara a sakandaren garin Orvil Creek, shekara goma sha tara a kujera ɗaya, aikinsa kuma bai wuce ya lura da makin kowane ɗalibi ba. Darasin shekara guda maki ɗaya ne, na rabin shekara rabin maki. Wanda bai tara ashirin da biyu ba, kowanne a gurbinsa, ba zai hau dandamali ranar bikin yaye ɗalibai ba, ko da ubansa ne gwamnan Nebraska.

Gayle Havlik, direbar bas ɗin makaranta mai lamba shida, ta san darajar wannan dandamali fiye da kowa, don ita ba ta hau shi ba. Tana ajin ƙarshe mahaifinta ya kwanta ciwo, ta bar aji ta hau tarakta. Saboda haka tun farkon Afrilu ta goge doguwar rigar bikin 'yarta Josie ta rataye a ƙofar ɗaki, kakar yarinyar kuma ta fara dafa 'ya'yan itacen da za a zuba a kolace, burodin zaƙi na gargajiyarsu, dozin goma sha biyu.

Wata Laraba, saura kwana ashirin da shida biki, Gayle ta sauke yaro na ƙarshe, ta duba madubi ta ga Josie a kujerar baya ta haɗa kai da gwiwa.

"Ke, nan ce tasha ta ƙarshe," in ji ta. "Ko kin kama haya ne a ciki?"

Josie ta taso ta miƙa mata wasiƙa. "Rabin maki, Mama. Na darasin motsa jiki. Sun ce ba ni da shi."

"Motsa jiki? Ke da kika shekara huɗu a badujala?"

Kowa a garin ya san wannan doka: zango biyu cikin 'yan badujalar makaranta na tsayawa a madadin rabin makin motsa jiki. Rabin masu busa ƙaho ba son kiɗa ya kai su ba, gudun zagaye fili ne. To amma dokar ta ce sai mai taka fareti. Josie kuwa marimba take bugawa, ƙaton teburin katakai mai tayoyi da ake girkewa a bakin fili. Sauran na ta jerin gwano suna juyi, ita tana tsaye wuri ɗaya da 'yan sandunanta. Sabuwar magatakardar makaranta ce ta karanta jerin sunaye da kyau, ta gano Josie ba ta cikin masu taka fareti.

Washegari da safe Gayle ta ajiye bas ta ja 'yarta zuwa ofishin Stukel. Suka tarar da shi da kofi a hannu, garin sukari a gemu, koren alƙalaminsa a bayan kunne. Duk makarantar shi kaɗai ke rubutu da koriyar tawada, yana kuma alfahari da hakan.

"Misis Havlik, zauna, zauna. Abin bai min daɗi ba ko kaɗan." Ya buɗe fayil ya juyo mata shi. "Duba da idonki. Babu fom ɗin musanya a nan. Ba ta taɓa cikewa ba."

"Na cike, yallaɓai," in ji Josie. "Ina aji tara. Kai ka ce min, 'Shi ke nan, kin huta da gudu.'"

"'Yata, yara ɗari huɗu nake magana da su. Yaran yanzu, sai ku ji abu a bakin ƙawa ku ce malami ne ya faɗa." Ya kurɓi kofi. "Ba tashin duniya ba ne. Ta yi ajin hutun bazara, a watan Agusta a aiko mata takardar shaidarta ta gidan waya."

"Ta gidan waya," in ji Gayle. "Tare da tallan takin zamani."

"To, doka ce."

"Vern, na ɗauki 'ya'yanka uku a bas ɗina shekara goma sha ɗaya, ban taɓa manta ko ɗaya a hanya ba."

Ya ɗaga kafaɗa ya rufe fayil. Josie ta fito tana kuka, kuma ba rabin makin ne ya sa ta kukan ba. An mai da ita maƙaryaciya a gaban uwarta.

Abin da Stukel ya manta shi ne fom ɗin musanya falle uku ne manne da juna: fari na ofis, rawaya na malamin kiɗa, ja-ja na iyaye. Malamin kiɗa na wancan lokaci ya yi ritaya ya koma Arizona da tarkacensa. Iyaye kuwa, a sanin Stukel, suna jefa nasu a shara tun kafin su isa mota.

Bai san firjin Gayle Havlik ba.

Gayle ba ta yar da takarda. Duk abin da ya fito daga makaranta sai ta manna shi a ƙofar firji da maganaɗisu, sabo a kan tsoho, har ƙofar ta yi kauri kamar katifa. Da yamma suka zauna a ƙasan kicin su uku har da kaka Ludmila, suna ɓare shekaru ɗaya bayan ɗaya.

"Ga jadawalin abinci na bara waccan," in ji Josie. "Mama, me za ki yi da shi?"

"Ci gaba da tono."

"Ga takardar allurar kare. Karen nan ya mutu fa."

"Kullum sai kun yi min dariya kan firjin nan," in ji Gayle. "Yau ga ranarsa."

Kaka ce ta samo ja-jar takardar, can ƙasa, ƙarƙashin wani maganaɗisu mai siffar masara, da ɗigon miyar kolace a gefe. Ta ɗaga ta sama, ta gyara tabarau. "Wannan koriyar tsutsar da ke ƙasa, sa hannun mutum ne?"

Ranar Juma'a shugabar makaranta, Misis Loretta Brandt, ta shimfiɗa takardar a teburinta, Gayle da Josie na zaune a gabanta. Mace ce da ba ta ɗaga murya, abin da ya sa ake tsoronta ke nan. Ta sa aka kira Stukel, ta karanta a fili a hankali.

"Abin kiɗa: marimba. Tambaya ta huɗu, 'Kina taka fareti?' An zaɓi 'A'a.'" Ta ɗago kai. "Yarinya 'yar shekara goma sha huɗu ta faɗi gaskiya da hannunta, Mista Stukel. Ga 'An amince' a ƙasa, da koriyar tawada. Ina farin fallen?"

"Wataƙila... ai kin san fayil, takardu na zamewa."

"Shekaranjiya magatakarda ta gan shi a ciki. Ta ce har ta yi mamakin tawadar."

Stukel ya taɓa bayan kunnensa, ya sauke hannu.

"To sai a ba ta makinta mu tafi," in ji Gayle.

"Ba zan iya ba. Ba ta taka fareti ba, sa hannun da aka yi bisa kuskure kuma ba ya mai da tsayuwa tafiya."

"Tsayuwa? Ranki ya daɗe, kin taɓa tura marimba? Ta fi ɗan maraƙi nauyi. Shekara huɗu yarinyar nan na tura ta daga ɗakin kiɗa ta hau gangaren bayan kicin har fili, ta dawo da ita. Taɓa damtsenta ki ji. Mai busa sarewa da ya samu makinsa, ko jakarsa uwarsa ke ɗaukar masa."

"Na yarda. Amma turawa ba ta cikin littafi." Misis Brandt ta jawo littafin dokokin, ta lashi yatsa ta buɗe can wajen ƙarshe. "Ga abin da ke ciki. Ɗalibi na iya musanya rabin makin da awa sittin na motsa jiki, a rubuce kullum, ƙarƙashin idon malamin makaranta. Daga gobe saura kwana ashirin da huɗu, idan an haɗa da safiyar ranar biki. Josie, lissafa."

"Awa biyu da rabi kullum. Har Asabar da Lahadi."

"Za ki iya?"

"Idan ba tura komai, ai hutu ne."

"Saura malamin da zai sa ido." Misis Brandt ba ta ko waiwaya ba. "Mista Stukel, ƙarfe uku da rabi, filin tsere."

"Ni? Gwiwata fa, Loretta. To, zan zauna a benci in riƙa duba agogo."

"Shekara goma sha tara kana zaune, ga inda ta kai mu. Kafaɗa da kafaɗa za ku tafi. Duk zagayen da ba ka taka ba, ba a ƙirga shi ba, kuma kai za ka yi wa mahaifiyarta bayani."

Gayle ta dube shi ta yi murmushi, irin wanda take yi wa yaron da ya manna cingam a kujerar bas.

Ranar farko Stukel ya zo da takalmin ofis. Rana ta biyu ya zo da na ɗansa, ya yi masa yawa. Kafin mako ya cika labari ya gama garin. Tsofaffin da ke shan kofi a gidan mai suka dawo da zamansu bencin fili. 'Yan badujala suka mai da atisayensu ƙarfe uku da rabi, mai babban ganga yana buga masa daidai takunsa, idan ya rage sauri ganga ta rage, idan ya tsaya ta yi shiru kowa ya juyo. Gayle kuwa duk yamma sai ta bi ta titin bayan fili da bas, ta danna ham sau biyu.

"Ɗaga ƙafa, Vern! Saura awa arba'in da biyar!"

Ranar da aka yi ruwa suka zagaya barandar azuzuwa. Ranar Lahadi suka fara bayan an tashi daga coci, yana tafe da taye a wuya. Josie na gaba kaɗan tana haddar tarihi don jarrabawa, shi yana baya yana haki kamar tsohuwar tarakta. Kullum idan sun gama sai ta miƙa masa takardar ƙirgen awa, ya zaro koren alƙalami, ita kuma ta riƙe gefen takardar.

"Karanta tukuna, yallaɓai."

Ya kuwa karanta, layi-layi, yana motsa leɓe.

Awa ta sittin ta cika ranar bikin da ƙarfe tara da rabi na safe. Josie ta yi wanka a makaranta, ta zura rigar da aka goge tun Afrilu. Ƙarfe biyu aka kira sunanta, ta hau dandamali da wani irin taku mai ƙarfi har katako na amsawa. Gayle ta yi niyyar yin shewa, sai kaka Ludmila ta riga ta, ta yi ta mutum biyu. Da suka koma gida, kafin a taɓa kolace ko ɗaya, Gayle ta ɗauki maganaɗisun masarar nan ta manna takardar shaidar a ƙofar firji, a saman komai.

Stukel ya rasa farcen ƙafa biyu. Hukumar makarantu ta zauna a watan Yuni ta cire shi daga ofishin ba da shawara, ta saka wasiƙar gargaɗi a fayil ɗinsa, falle uku. Tun watan Agusta yana tsaye a filin ajiye motoci safe da yamma da riga ruwan lemo mai ƙyalli, yana nuna wa bas-bas inda za su tsaya.