Ƙullin da Ke Saman Kanta

Shekara ashirin ina wanki da guga a shagon nan, ko maɓallin wani bai taɓa ɓata a hannuna ba, ku tambayi kowa a layin. Shi ya sa matar gidan ƙarshe ta kusa sa mini hawan jini. Sai ta kawo kaya goma, in ta zo karɓa ta ɗauki tara.

"Ke, ga rigar 'yarki kin bari!"

"Ajiye mini, Inna, na zo gobe."

Goben ba ta zuwa. Wani satin wandon yaronta, wani satin rigar sanyi. Na ɗaure su wuri ɗaya na cilla saman kanta, na laƙaba mata Sarkin Mantuwa.

Mai wanki ba ta jiƙa kaya sai ta laluba aljihu. A nan na fara tsintar abubuwa: takardun haihuwa biyu a naɗe cikin leda, katin asibiti, har da abin shaƙa na asmar yaron, duk na cusa su cikin ƙullin. Na ce kai, wannan wata rana kanta za ta manta a shagona.

Wata Laraba mijin ya rako ta karɓar rigunansa. Mutum ne mai fara'a, gaisuwa har da rusunawa. Ni kuwa uwar iyayi na ce yau na rabu da kaya. Hannuna har ya kai kan ƙullin, sai muka haɗa ido da ita ta bayan kafaɗarsa. Wallahi ban taɓa ganin ido yana roƙo haka ba.

"Akwai saura ne, Inna?" in ji shi.

"A'a, yanar gizo nake sharewa."

Ya ɗaga hannu don ya karɓi rigunan, na ga ta kare fuskarta da sauri. 

Washegari ta zo ita kaɗai, ta tsaya tana taya ni ninki don kada masu wucewa su ga kamar zance muke. Ta ce duka ya kai shekara biyar. Yana bincika wayarta, kuma in ya ga jaka a ɗaure ta shiga uku, amma kayan wanki ba ya kallonsu. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta ba ta lambar wani gida da ake ɓoye mata irinta. Ba ta rubuta ba, haddacewa ta yi, ta mayar da ita waƙa ta koya wa 'yar. Ta koya wa yaran cewa in ihu ya tashi kada su shiga tsakani, kada su shiga kicin inda wuƙaƙe suke, su bi ƙofar baya su zo bayan teburin gugata. Kullum a hanyar makaranta suna gwadawa, su a zatonsu wasa ne.

"To me ya hana ki faɗa mini tun farko?"

"Inna, bakinki."

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na rufe. Gaskiya ta faɗa.

"Ki kwashe su ku tafi yau mana!"

"Ranar fita ta fi kowace rana haɗari, Inna. Sai sun ce akwai wuri. Ba zan fita da yarana in rasa inda zan kai su ba."

Ni da nake kiranta mai mantuwa! Wata takwas tana wannan shiri, har sau biyu ta canja takalmin yaron da ke cikin ƙullin saboda ƙafarsa ta ƙaru. Ni kuma wata biyu na yi bakina a rufe, abin da ko mahaifiyata ba ta taɓa gani ba.

Ranar ta zo da hantsi, ina tsakiyar guga. Yarinyar, 'yar shekara bakwai, ta shigo riƙe da hannun ƙanenta, suka wuce bayan tebur suka durƙusa. Ta rera mini lambar, na danna a wayata. Matar da ta ɗauka ta ce tun jiya aka sami wuri, mota na zuwa ta layin baya. Na jawo mayafi zan nufi gidansu, yarinyar ta damƙe zanina.

"Mama ta ce ke ma kada ki je. Ta ce ki zauna da mu."

Na zauna. Ban san minti nawa aka yi ba sai ga uwar, leɓe a fashe, ƙafa ba takalmi. Kafin komai ta leƙa bayan tebur ta ga su biyun, sannan ta sauke numfashi.

Na sauko da ƙullin muka kwance. Takardu, magani, kayan sanyi, takalman yara, har da 'yar tsanar yarinyar. Na birkita, na sake birkitawa. Nata zani ɗaya ne tak, babu takalmi.

"Ashe dai Sarkin Mantuwar ce ke," na ce, hawaye na zubo mini.

Mota ta tsaya a baya. Na tuɓe takalmina na tura mata, ta zura, sun yi mata yawa.

"Zan aiko miki da su, Inna."

"Ajiye mini, 'yata," na ce. "Na zo gobe."